Shekara Ashirin da Bakwai Ganga Tana Tsallake Ni

Ni ne Dougal Rennie, kuma duk wanda ya san ni a garinmu ya san ba na yin abu sai da lissafi. Wanda bai sani ba ma na gaya masa. A kasuwar tumaki na faɗa, a ƙofar coci na faɗa, har a wajen jana'iza na taɓa fara faɗa, matata Noeline ta take min ƙafa.

Abu ɗaya ne ya gagari lissafina, gangar ƙuri'a.

A bayan garinmu, nan ƙarshen kudancin New Zealand, Kwarin Kilbrae yake, inda kishimai suke, manyan mazan barewa masu ƙaho reshe goma sha biyu. Idan suka fara ruri a watan Afrilu, kana tsaye cikin tumakinka sai ka jiyo su kamar aradu. Ƙungiyar maharba ta raba kwarin gida shida. Mutum shida ke shiga a shekara, kowa da abokin tafiya ɗaya da ya zaɓa da kansa. Tun zamanin kakanninmu hanyar zaɓen ba ta canza ba: kowane baligi a gunduma ya kawo ɗan kunnen tunkiya guda, robar nan da muke maƙala musu a kunne, sakatariya Glenys Haldane ta rubuta sunansa a jiki, ta jefa cikin wata tsohuwar gangar kaɗa man shanu. Asabar ta ƙarshe a Fabrairu a taru a ɗakin taro, a juya ganga, a zaro shida. Mutum ɗaya ɗan kunne ɗaya. Wanda aka kama da maguɗi kuwa, shekara goma ba shi ba ganga.

Shekara ashirin da bakwai ina jefawa, ko da kuskure sunana bai taɓa fitowa ba. Maƙwabcina Rewi, wanda in ya auna ƙofar rumfa sai ya fasa taga, sau huɗu yana fitowa. Kuma babu wanda ya taɓa ɗaukata abokin tafiya, wai surutuna yana korar nama. Hassada ce kawai.

Bana sai likita ya danna gwiwata, na yi ƙara, ya ce, "A watan Yuni za mu sa maka ta ƙarfe. Daga nan hawan dutse sai dai ka gani a hoto."

Wato Afrilun nan shi ne na ƙarshe. Shekarata sittin da ɗaya, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar in tsaya a cikin kwarin nan da bindiga a hannu ba.

Na dawo gida na zauna a kicin da fensir da bayan ambulan. Kafin shayi ya huce na daki tebur.

"Noeline, an gama!"

"Me aka gama? Kai ko hankalinka?"

"Saurara ki ƙaru. 'Yan kunne wajen ɗari da tamanin ake jefawa, shida ake zarowa. Kowane mutum rabonsa ɗaya cikin talatin ke nan. To idan na samo mutum talatin waɗanda ba ruwansu da farauta, suka jefa, da alkawarin duk wanda ya fito ni zai ɗauka? Talatin cikin talatin! Kamar na riga na shiga."

"Ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na san ba haka ake wannan lissafin ba."

"Ai shi ya sa ba ki yi nisan ba."

Ranar ban samu abincin rana ba, amma hakan bai dame ni ba. Duk mai babban tunani sai ya sha irin wannan.

Na fara da surukata Beryl, mai shekara tamanin da huɗu. Ta saurare ni har ƙarshe tana saƙa, sannan ta nuna min bayan gida da tsinken saƙar.

"Ka ga itacen can?"

"Na gani, Mama."

"Shekara uku kana cewa za ka faskara shi. Randa ya zama tsibi a rumfa, ka zo da robar taka."

Kwana biyu na yi ina faskare da gwiwa ɗaya. Na samu mutum guda.

Sharlene mai gyaran gashi ta ce za ta jefa, ita da ƙannenta biyu, in na ba ta aron kaina ta gwada wani sabon rini da aka kawo mata. A kwalin an rubuta ruwan ƙasa. A kaina ya fito ruwan lemo. Matan mawaƙan coci su bakwai suka ce ba su da mai babbar murya, na shiga layi ina ɗaga waƙa, bayan Lahadi ɗaya suka ce sun yarda za su jefa in dai zan daina. A gidan kula da tsofaffi na samu tara rigis, bayan na kwashe yammaci huɗu ina karanta musu jarida da ƙarfi, kowa na cewa in koma farko. Da 'yan tsince-tsince, kafin mako biyu na cika talatin cif, har da ni.

Yanzu dai mai hankali sai ya kama bakinsa. Ni ma na yi niyyar kamewa. To amma ranar Laraba a kasuwar tumaki, ina jingine da shinge, Rewi ya zo yana kallon kaina.

"Mutumina, gobara aka yi a gidanku?"

"Yi dariyarka. A Afrilu ina cikin Kilbrae, kai kana gida kana wanke wa karnuka kwano."

"Haka kake cewa tun ina da gashi."

"Bana daban ne. Bana kimiyya na sa."

"Kai haba! Wace iri?"

Da ya yi min gardama da na yi shiru. Sai ya ladabta murya, ya karkato kunne kamar ɗalibi. Ni kuwa ba na iya ganin jahili yana neman ilimi in hana shi. Na zaro ambulan na yi masa bayani tiryan-tiryan. Mutane suka fara matsowa, na ɗaga murya don na baya su ji. Har mai gwanjo ya dakatar da cinikin tumaki.

Rewi ya ce, "Wato doka ba ta ce dole mai jefawa ya iya harbi ba?"

"Ko kusa! Na karanta ta sau uku."

"Ikon Allah. Kai dai kana da kai, Dougal. Ga shi nan ma ana hangowa daga nesa."

Na koma gida ina tafiya kamar gwiwar ta warke.

Kafin mako ya zagayo gunduma ta rikice. Kowane maharbi ya tuna yana da kaka. Mutanen da suka yi shekara goma ba su gaida gwaggonsu ba aka gan su a ƙofarta da kwandon ƙwai. Rewi shi kaɗai ya kawo dangin matarsa arba'in da ɗaya, a motar kwasar tumaki. 'Yan kunne suka ƙare a kantin kayan gona.

Glenys ta tare ni a gaban gidan waya. Mace ce 'yar ƙarama, amma ko bijimi ta kalla sai ya sunkuyar da kai.

"Dougal Rennie, ɗari tara. Ka ji? Ɗari tara na rubuta da hannun nan. Yatsana ya daina lanƙwasuwa."

"Ai ci gaba ne, Glenys. Jama'a sun waye."

"Za ka ga wayewa."

Wannan duk mai sauƙi ne. Sai aka fara yi min satar mutane. Mawaƙan coci kowace ta ce ai ɗanta ma yana so, kuma jini ya fi alkawari. Ƙannen Sharlene wani ya saye su da cinyar barewa. 'Yan tsince-tsincen ma kowa ya kama gabansa. Tsofaffina tara kuwa, jikokinsu suka yi musu dirar mikiya da furanni da alewa, takwas suka juya min baya. Wanda ya rage shi ne tsoho Cyril, shi ma don kurma ne, bai ji abin da jikansa yake roƙo ba.

Na koma kicin da ambulan. Mu biyar muka rage: ni, Noeline, Beryl, Sharlene da Cyril. Biyar cikin ɗari tara, a zaro shida. Na buga, na sake bugawa.

Noeline ta leƙo ta kafaɗata. "Nawa ya ba ka, shehin lissafi?"

"Ɗaya cikin talatin."

"Ba nan ka fara ba?"

"Nan ne."

"To sannu da zuwa. Ka sha hanya."

Saura kwana biyar a rufe karɓa, 'yar Glenys ta haihu a birnin Dunedin, Glenys ta tafi ta bar ganga da alƙalami a hannun sabon fastonmu, Julian Ashworth. Mutumin kirki ne, ɗan birni, wata biyu da zuwansa, bai san bambancin rago da tunkiya ba sai an ɗaga masa wutsiya. Da na ji labarin, wani tunani ya faɗo min. Na san ba mai kyau ba ne. Amma gwiwar tana min zogi, kuma daga tagar kicin ina hango bakin kwarin.

Na same shi a ofishin coci da 'yan kunne goma sha ɗaya a aljihu.

"Fasto, 'yan'uwana ne suka zo daga Tsibirin Arewa, can ɗaya ƙarshen ƙasar, za su taya ni gyaran shinge. Suna so su jefa."

"Madalla! A gundumar nan suke zaune?"

"A gonata suke kwana, a nan suke ci suke sha."

"Duk baligai?"

"Ƙaraminsu ma magidanci ne."

"To faɗo sunayen."

Nan ne lissafina ya bar gurbi. Na shirya komai ban shirya sunaye ba. Fasto ya ɗaga alƙalami yana murmushi, kaina ya zama fanko. Sunaye goma sha ɗaya kaɗai na haddace a jere a duniya, waɗanda nake kira kowace safiya da bokitin dusa a hannu. Sai bakina ya kama zubo su.

"Hector. Angus. Murdo. Babban Bruce. Ƙaramin Bruce…"

"Duk Rennie?"

"Duk Rennie."

Ragunan barbarata ke nan, su goma sha ɗaya. Na fito ina gaya wa kaina ai cikin ɗari tara da wuya Glenys ta bi ta karanta, kuma in ɗaya ya fito, sai in ce yana fama da mura, ya wakilta ni.

Washegari da hantsi ga fasto a ƙofarmu da kek a faranti. Noeline ce ta buɗe.

"Na kawo wa baƙinku ne."

"Waɗanne baƙi?"

Na taho da gudu daga rumfa, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure. "Suna can gonar baya, Fasto! Tun asuba suka fita."

"Sai in ƙarasa in gaishe su."

"A'a! Ba sa son mutane. Hector ma in bai san ka ba yana iya kai maka karo."

"Subhana! Shaye-shaye ne?"

"Gado ne."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce zai sa su a addu'a, musamman Hector. Da motarsa ta fita, Noeline ta ajiye kek ɗin, ta juyo gare ni.

"Hector," ta ce. "Dougal, ka sa raguna a ganga."

"Ki rufa min asiri. Sau ɗaya ne a rayuwa."

"Ba zan ce komai ba. Amma ranar Asabar a layin gaba zan zauna, kuma zan sa sabuwar rigata."

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika har tagogi. An gunguro tsofaffi a kekunansu an jera su gefe. Mata na raba shayi da naɗaɗɗen burodi mai cuku. Ganga ta ƙi rufuwa, sai da Rewi ya hau murfin ya zauna aka samu aka ɗaure. Glenys ta dawo, tana zaune a tebur da tabarau a kan hanci. Aka ce fasto ne zai zaro, tunda hannunsa ne mafi tsarki a wurin.

Na farko wata tsohuwa ce mai shekara casa'in da ɗaya, da aka tashe ta daga gyangyaɗi ta ce ita ba ta yi odar komai ba. Na biyu mai wankin haƙori. Na uku wata malamar makaranta da ko nama ba ta ci. Duk sunan da ya fito sai tsofaffin maharba su juyo su harare ni, kuma da kai ruwan lemo babu inda zan ɓuya. Na huɗu ya wuce, na biyar ya wuce. Babu ni, babu mutanena.

Aka juya ganga na ƙarshe. Fasto ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro, ya duba, fuskarsa ta washe.

"Kai, na ji daɗin wannan! Addu'a ta karɓu. Hector Rennie!"

Kowa a gundumar nan ya san Hector. Sau uku yana cin jan ƙyallen zakara a bikin nunin dabbobi, kuma ni da bakina na hana kowa mantawa. Rabin 'yan ragunan da ke gonakin mutanen nan 'ya'yansa ne.

Glenys ta cire tabarau. "Wane Hector?"

"Ɗan'uwan Dougal," in ji fasto. "Su goma sha ɗaya ne, ni na rubuta su. Har da Bruce biyu."

Wani a baya ya fara wata irin dariya kamar tari. Na miƙe da sauri.

"Sunan ne ya zo ɗaya! Ɗan baffana ne, Hector. Mura ta kwantar da shi, ya ce in karɓar masa."

"Allah sarki," Rewi ya ce da ƙarfi. "Ka ba shi maganin tsutsa?"

Ɗaki ya fashe.

"Bara wata guda ya yi a gonata," in ji wani. "Ma'aikaci ne, ba na ƙi ba. Amma shinge kam fasawa yake, ba gyarawa ba."

"Yana da lasisin bindiga?"

"Wa zai ɗauka abokin tafiya? Ni dai na san ba Dougal ba, yana da mata tamanin!"

"Ku yi min shiru!" na ce. "Mutum ne kamar kowa! Dogo, mai… mai gashi."

"Fari, mai laushi," in ji Sharlene. "Ka kawo min shi in rina."

Glenys ta daki tebur da cokali har aka lafa. Ta juya wajen surukata.

"Beryl, shekara talatin da biyar Dougal yana auren 'yarki. Yana da ɗan baffa Hector?"

Beryl ba ta ko ɗaga kai daga saƙarta ba. "Ban sani ba, 'yar nan. Amma wannan hular da nake saƙawa, ulun Hector ne."

Na dubi Noeline ko za ta cece ni. Tana layin gaba cikin sabuwar riga, ta rufe fuska da hankici, kafaɗunta na rawa. Fasto kuwa ya zauna a hankali a bakin dandamali yana cewa, "Kwana huɗu ina yi wa rago addu'a ya daina shan giya."

Glenys ta miƙe. "Dougal Rennie, raguna ne ko mutane?"

Na buɗe baki in kawo wata dabara, na duba ciki, babu ko ɗaya.

"Raguna ne."

"Ka san doka. Sau uku ka karanta ta, in ji ka. Shekara goma, daga yau."

"Glenys, shekara goma ina da saba'in da ɗaya, da gwiwar ƙarfe."

"Na sani," ta ce, kuma ba da faɗa ta faɗa ba. "Da ka tuna da haka kafin ka je ofishin coci."

Ta ajiye ɗan kunnen Hector a gefen tebur. Ta ce ba za a zazzage ɗari tara don neman sauran raguna ba, in wani ya fito a ajiye shi gefe a sake. Gurbi na shida yana nan, a juya ganga.

Na koma na zauna. Mutane na ta share hawayen dariya, Rewi na bubbuga bayana. Ganga ta yi ƙugi ta tsaya. Fasto ya zura hannu, ya zaro, ya duba. Wannan karon bai karanta ba. Ya miƙa wa Glenys.

Ta mayar da tabarau. Ta daɗe tana kallon robar nan.

"Wane ne kuma?" Rewi ya ce. "Ƙaramin Bruce?"

"Dougal Rennie," in ji Glenys.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi. Ɗan kunnena ne, nawa na kaina, guda ɗaya tak da na kai mata da hannuna tun ranar farko kamar kowace shekara, ba dabara ba lissafi. Cikin ɗari tara ya laluba ya fito. Shekara ashirin da bakwai ina jiran in ji sunan nan daga bakin matar nan, na ji shi kuwa, a makare da minti biyar. Noeline ta taso daga layin gaba ta zo ta zauna kusa da ni, ta riƙe min hannu.

Na ce, "Kin dai ji. Na gaya miki sunan Rennie zai fito bana. Sau biyu ma."

"Na ji," ta ce. "Yi shiru haka nan."

Glenys ta ɗora ɗan kunnena a kan na Hector, ta ce wa fasto ya sake juya ganga.